"Sauri ya haifi nawa": ko maganar ta ci a asibitin fagen daga?

Ɗan Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce "Sauri ya haifi nawa." Abin da ya tayar da ita shirin talbijin ɗin nan ne na Amurka, M*A*S*H, wanda tashar CBS ta nuna daga 1972 zuwa 1983, kashi sama da 250, rabi barkwanci rabi tashin hankali. Labarin likitocin soja ne a wani asibitin tanti mai lamba 4077 lokacin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. Jirage masu saukar ungulu na sauke waɗanda suka ji rauni, likita ya yanka, ya ɗinke, ya ce a kawo na gaba. A irin wannan wuri sauri shi ne rai. To ko dai maganar magabata ba ta ci a nan ba?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ta Koriya, a fara duba inda ake faɗinta a gida. Ba a ce wa mai gudun kashe gobara sauri ya haifi nawa. Wanda ake gaya wa shi ne wanda ya fita a guje ya bar makullin shago a ɗaki, sai da ya kai kasuwa ya juyo, ko telan da ya sa almakashi bai sake duba awo ba, ya dawo yana farke ɗinki. Galibi bayan abin ya faru ake faɗa, kuma babba ne ke gaya wa na ƙasa da shi, da ɗan murmushi. Nawar da ake nufi ita ce ta komawa baya a sake aiki. Don haka abin tambaya a asibitin naka shi ne, wane sauri ne ke sa a koma, wane ne ba ya sa wa.

Tsohon Kofur:
Malam, a filin daga tukuna, kafin a zo tanti. Babban mutum jinin jikinsa wajen lita 5 ne. In babbar jijiyar cinya ta tsinke, cikin 'yan mintoci ya tafi. Nan babu wani sannu. A ɗaure cinya a saman raunin, a murɗa har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokacin da aka ɗaure a jikin takardarsa ko a goshinsa. Rubuta lokacin nan daƙiƙa biyar ne, kuma shi ne abin da mai rawar jiki ke tsallakewa. Ƙafa tana jure ɗauri kamar awa 2 ba matsala sosai, in an doshi awa 6 naman ya fara mutuwa. Likitan da bai san yaushe aka ɗaure ba, bai san ko ƙafar ta ceto ce ko ta yankewa ba.

Jirgin da ake gani a farkon kowane kashi, Bell H-13 ne. Mutum biyu kawai yake ɗauka, kuma a waje, a gadaje biyu da aka ɗaure gefe da gefe. Ba mai taɓa majinyaci har a sauka. Duk abin da ba a gyara a ƙasa ba, sai dai a tarar da sakamakonsa a can. Shirin ya sa mutane na zaton kowa ta sama ya zo, alhali mafi yawa a motar asibiti da jif aka kwaso su.

Hajiya Nas:
Kofur, ƙara da maganar allurar mofin, mai kashe zafin ciwo, don nan ne maganar Malam ta fito fili. Soja ya zubar da jini, ga sanyin Koriya mai daskarar da ruwa. Jini ya janye daga fata ya koma ciki. An yi masa allura a ƙarƙashin fata, maganin ya tsaya a wurin bai shiga jiki ba. Yana ta nishi, wani ya zo ya ƙara masa, na uku ma ya ƙara. Da an kai shi tanti an ɗumama shi an sa masa jini, sai duka ukun su taso lokaci guda, numfashi ya yi ƙasa. Yanzu wanda aka so a sauƙaƙa wa ciwo ya zama sai an tsaya a kansa ana ba shi iska. Tun yaƙin duniya na biyu aka gane haka, shi ya sa ake maƙala kwalbar allurar da aka yi a wuyan rigar sojan, don na gaba ya gani.

Likitan Wuƙa:
Hajiya ta buɗe ƙofa, bari in shiga ɗakin tiyata. Raunin harsashi ko gutsuren bam ba irin yankan wuƙa ba ne. Ramin da ake gani a fata ƙarami ne, ɓarnar tana ciki, kuma ƙarfen ya ja ƙasa da tsumman kaki ya shigar da su. Gonakin Koriya a lokacin da bahaya ake yi musu taki, sai ku auna irin ƙazantar da ke shiga.

Aikin farko shi ne a faɗaɗa raunin bisa tsawon gaɓar, a tsaga fatar nan mai tauri da ta lulluɓe tsoka don kumburi ya sami wurin zuwa, a kwashe ƙasa da tsumma, a wanke da ruwan gishiri mai yawa, sannan a yanke duk mataccen nama. Abu huɗu ake dubawa a tsoka: launinta, taurinta, ko tana motsi in an matse ta, da ko tana jini in an yanka. Wadda ta yi duhu, ta yi laushi, ba ta motsi, ba ta jini, ta mutu, a cire.

Sai abin da ke ba baƙo mamaki: ba a ɗinkewa. A sa gauz, ƙyallen nan na rufe rauni, a sama-sama, a naɗe, a bar shi a buɗe kwana 4 zuwa 7, galibi sai a asibitin baya ko a Japan za a rufe. Likitan da ya ga layi ya yi tsawo ya ce bari ya rufe ya huta, ya kulle ƙwayoyin cutar da ba sa son iska a cikin mataccen nama, wurin da suka fi so ke nan. Kafin kwana biyu ƙafa ta kumbura, tana wari, in an danna fatar ana jin ƙaras-ƙaras na iska a ƙasa. Penisilin ba ya kai wa naman da jini ba ya zuwa. Ɗinkin minti goma ya jawo yanke ƙafa da jinyar watanni. In wannan ba sauri ya haifi nawa ba ne, ban san me ake kira haka ba.

'Yar Kallo:
Likita, shirin kansa ya yi kashi a kan wannan tun a zangon farko, 1973. Hawkeye, wanda Alan Alda ya fito a matsayinsa, shi ne gwanin tantin kuma ya san da haka. Ya yi wa wani soja aikin ciki, sojan ya ƙi farfaɗowa, zazzaɓi na hawa. Ya kasa barci, ya daina zolayar da ya saba, daga ƙarshe ya sake buɗe cikin ya tarar da wata 'yar ɓarna a bayan babban hanji da ta kuɓuce masa.

Likitan Wuƙa:
Kuma wurin da marubutan suka zaɓa daidai ne. Ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, ana bin sa ne da hannu taƙi-taƙi, gaba da baya, daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar da ake koya wa sabon likita ita ce ya ƙirga ramuka. Ƙarfe in ya shiga hanji yakan fita, don haka ramuka bibbiyu suke zuwa. In ka sami uku, nemi na huɗu kafin ka rufe. Wani sashe na babban hanji kuma manne yake da bangon baya, sai an ɗago shi ake ganin bayansa. A wancan zamani raunin babban hanji ba a cika ɗinke shi a mayar ba, fito da bakinsa ake yi ta fatar ciki, bayan watanni a haɗa.

Baban Gardama:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda ba. Kun tsinci misalan da suka yi muku daɗi ne. Me za ku ce da Winchester? A 1977 aka kawo shi shirin, ƙwararren likita daga Boston, mai aiki ɗaya a lokaci ɗaya, a tsanake, ɗinki kamar na surfani. Ranar farko da majinyata suka yi yawa ya zama kaya, sauran sun yi nisa shi an bar shi a baya. Wanda ke jira a waje jininsa na zuba, ba ruwansa da kyan ɗinki. A nan nawa ce ta haifi gawa. Karin maganar da ta dace da tantin nan ita ce "Garin neman gira a rasa ido." Kuma in gadaje 60 ne, kamar yadda aka tsara asibitocin da farko, aka sauke mutum ɗari biyu a dare ɗaya, to dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Ku tuna kuma da kashin 1979 da suka sa agogo a kusurwar allo yana tafiya. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta yage, an matse ta, ana da minti 20 a dasa wani yanki a sake jini, in ba haka ba sojan ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Wa zai tsaya a wurin ya ce sauri ya haifi nawa?

Malam Mai Alli:
Baba, ba wanda zai faɗa, kuma shi ne abin da na fara da shi. Karin magana ba doka ba ce da ke hawa kan kowa. Bakin da ya ce sannu ba ta hana zuwa, shi ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Gwaninta ita ce sanin wadda za a ɗauko. Taka ta gira da ido ta Winchester ce, ba musu. Amma ba ta kore tawa ba, domin ba mutum ɗaya suke yi wa faɗa ba. Taka tana tsawatar wa mai ƙawata abin da bai zama dole ba, tawa tana tsawatar wa mai tsallake abin da ya zama dole.

Baban Gardama:
To ai kun mayar da ita yadda ba za ta taɓa faɗuwa ba. In sauri ya yi kyau ku ce ba shi ake nufi ba, in ya ɓaci ku ce ga shi nan.

Likitan Wuƙa:
Akwai gaskiya a zancen Baba ta fuskar aiki. Daɗewa a kan tebur kanta cuta ce. Ciki a buɗe, tanti ba ɗumi, jinin da ake ƙarawa daga sanyi ya fito. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, jini ya fara ƙin daskarewa, ko'ina ya riƙa tsattsafowa, ba jijiya ɗaya da za ka kama. Shi ya sa a yau ma tsarin shi ne a tsayar da jini, a toshe inda ƙazanta ke zuba, a cusa gauz, a fita, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu in majinyaci ya yi ƙarfi. Komawa ce, amma wadda aka shirya.

Sai dai ga inda ƙarin lokaci ya biya. A yaƙin duniya na biyu in jijiyar jini ta tsinke ɗaure ta kawai ake yi, kusan kashi 49 cikin ɗari na irin waɗannan gaɓoɓi sai da aka yanke su, ta bayan gwiwa kuwa sama da kashi 70. A Koriya likitoci irin su Frank Spencer da Carl Hughes suka koma ɗinke jijiyar ko dasa wani yanki, yankewa ta sauko wajen kashi 13. Aikin ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba. Hukuncin a yi shi ko kar a yi ya danganta da mutum nawa ke kwance a waje.

Hajiya Nas:
Wanda ke yanke wannan hukunci ma ba ya cikin ɗakin tiyata, yana bakin ƙofa wurin tantancewa. Kallo ɗaya, hannu a wuyan hannu, a raba: wanda in ba a shiga da shi yanzu ba zai mutu, wanda zai iya jiran awanni, mai ƙaramin rauni, da wanda ko an shiga da shi ba zai tashi ba. Kuskuren sabon hannu shi ne bin mai ihu. Mai ihu yana da iska a huhu da jini a ka. Wanda ya yi tsit, ya yi fari, gumi mai sanyi, bugun jini siriri da sauri, shi ne ke tafiya. Kuma a juya kowa a duba bayansa da hammata, a yanke kakin gaba ɗaya. Ana sake zagayawa, domin na rukuni na biyu yakan koma na farko cikin rabin awa.

Jinin kuma rukunin O ake aikowa a kwalabe, kwana 21 ne iyakarsa. Ruwan jini da aka haɗa daga mutane da yawa aka busar ya fi sauƙin ɗauka da saurin sawa, amma mutum ɗaya mai ciwon hanta ya isa ya ɓata tukunyar duka, sojoji da dama suka kwanta da shawara bayan watanni. Dole aka ja baya da shi. Duk da haka, cikin waɗanda suka isa asibiti da rai, mutuwa ta sauko daga kashi 4.5 a yaƙin duniya na biyu zuwa 2.5 a Koriya.

'Yar Kallo:
Wani abu da ya shafi gardamar Baba da Malam. CBS ta dage sai an ɗora dariyar nan da ake naɗa a faifai, masu shirin, Larry Gelbart da Gene Reynolds, ba su so. Aka daidaita a kan ba za a sa ta a ɗakin tiyata ba. BBC kuwa ba tare da ita ta nuna shi ba gaba ɗaya. A ɗakin tiyatar likitocin ba su daina ba'a ba, baki na zuba, amma ku lura da hannu da abin da ake nema: matsi, zare, a tsotse jini, a ƙirga gauz. A nan ne kuma Radar, magatakardan asibitin, ya shigo ba takunkumi a 1975 ya karanta cewa an harbo jirgin shugabansu Kanar Henry Blake a kan tekun Japan, ba wanda ya tsira. Aka yi shiru, aka ci gaba da aiki, don akwai mutane a kan tebur.

Hajiya Nas:
Ƙirgar gauz ɗin nan, Baba, ita ce amsarka in kana son abin da za a iya gwadawa. A ƙirga kafin a fara, a ƙirga kafin a rufe ciki, a sake bayan an rufe fata, mutum biyu, da murya. Minti biyu ne. In lissafi bai cika ba, ba a rufewa, a duba bokiti, a duba ƙasa, in ta kama a ɗauki hoton ciki.

Baban Gardama:
Na ji ta gauz, Hajiya, wannan na ba ku. Ta Winchester kuwa tana nan a hannuna.