Wasan Asabar a Garwa: a sake bin sa ko a bar shi?

Ɗan Marwa: Salamu alaikum jama'a. Na ga an turo rubutun wasan eshek, wato chess, na ranar Asabar, tsakanin mai maki 1500 da mai 1700 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa. Ni dai ban ga amfanin zama a kansa ba. Mai son ya iya, ya bi wasannin Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, mutumin da ya kai maki 2882 a 2014. Me za ka koya wurin wanda bai fi ka ba?

Kawu na Garwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kuskuren da zai kayar da kai a gasa irin namu ne. Ni ne mai 1700 ɗin, ni na riƙe baƙi. Fari ya kai doki gidan g5 na allo, na tura soja d5, ya ci, na rama da doki a tafiya ta 5. Nan take ya jefa dokinsa f7. Sarkina ya ci, sarauniya ta fito f3, kafin in ankara sarki yana e6, tsakiyar fili ba rumfa. Dare uku ina jera wasan nan a kan tabarma bayan Isha'i.

Ɗan Marwa: Allah ya ba da haƙuri, Kawu, amma Stockfish, manhajar nan mai nazarin eshek, zai gaya maka a tafiya ta 5 doki a5 ya kamata, cikin daƙiƙa ɗaya.

Malamin lissafi: Zai ba ka tafiyar, ba zai gaya maka abin da ya ja hannunka ba. Lissafin Elo na auna makin 'yan wasa, wanda FIDE, hukumar eshek ta duniya, ta ɗauka a 1970, ya ce tazarar 200 tana ba babba kusan 76 cikin 100 na maki. Sauran 24 daga ina suke fitowa? Daga irin wannan Asabar ɗin.

Kawu na Garwa: Kuma ba a ta 5 na faɗi ba, Malam. Da fari ya kawo doki c3 a ta 8, tsoro ya sa na ja nawa baya zuwa e7, alhali b4 na nan. A dare na uku na gano da kaina, sannan na duba waya.

Ɗan Marwa: Dare uku a kan abin da littafi ya riga ya rubuta? Ban gamsu ba tukuna.

Yaya ta Gaundare: Littafin na san shi, ƙanena, amma sau biyu ana yi mini wannan f7 ɗin. Kawu, don Allah turo daga ta 8 zuwa ta 15, in jera a allona yau da dare.