Shekaruna 22, ko na makara da allurar HPV?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji uku a jami'a, shekaruna 22, saura wata huɗu bikina. An yi wa ƙanwata allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa, kyauta a makarantarsu, ni kuwa aka ce na wuce shekaru. A ɗakin kwananmu wasu na cewa tana hana haihuwa, wasu kuma sun ce wadda ta kame kanta ba ta buƙatarta. Don Allah na makara? In ban makara ba, guda nawa zan yi?

Ungozoma: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki makara ba. Shirin kyauta da Najeriya ta fara a Oktoban 2023 na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14, domin allurar ta fi aiki kafin mutum ya haɗu da ƙwayar cutar. Wadda ta haura haka sai dai ta biya kuɗi, amma tana amfana, balle ke da ba ki shiga ɗaki ba tukuna.

Batun kamun kai kuwa, ina roƙon a daina faɗarsa, yana cutar da mata. Ƙwayar na yaɗuwa ta haɗuwar fata lokacin kusantar juna, kuma namiji kan ɗauke ta ba wata alama, shi kansa bai sani ba. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Yawanci jiki na kore ta cikin shekara biyu. Wadda ta maƙale ita ke iya rikiɗa ta zama kansar bakin mahaifa bayan shekara 15 zuwa 20.

Likitan mata: Malama, ga lissafin. Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, mai shekara 9 zuwa 20 allura ɗaya ko biyu ta ishe ta. Daga 21 zuwa sama biyu ne, wata shida tsakani. Mai ɗauke da HIV ko raunin garkuwar jiki aƙalla biyu, uku sun fi. Wasu asibitoci har yanzu uku suke yi: yau, bayan wata biyu, sai wata na shida. Shi ma daidai ne.

Ki yi ta farko yanzu, kada ki jira hidimar biki ta lafa. Ta biyu za ta faɗo bayan kin tare. Idan Allah ya kawo rabo kafin lokacin, a ɗage ta sai kin sauka, kuma ba sai an koma farko ba.

Haihuwa fa? Tun 2006 ake wannan allura a duniya, bincike bai nuna tana taɓa haihuwa ba. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, kamannin ɓawon ƙwayar ne kawai jiki ke gani ya shirya. Kansar ce ke hana haihuwa, don maganinta kan kai ga cire mahaifa.

Mai harhaɗa magunguna: 'Yar uwa, inda ake asarar kuɗi shi ne ajiya. Allurar na son sanyin digiri 2 zuwa 8, in ta daskare ta lalace. Kada ki saye ta ki jefa a jaka, a yi miki a wurin da aka ajiye ta. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki ga an girgiza kwalbar: ruwa ne fari, ba garai-garai ba, in da gudaje kada ki yarda. Rabin mililita ake yi a dantse. Ki zauna minti 15 bayan nan saboda jiri. Ciwon hannu ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu ba abin tsoro ba ne. In yis, irin wanda ake sa wa burodi, na tayar miki da borin jini mai tsanani, ki faɗa tun kafin a yi.

Gardasil, ɗaya daga cikin alluran HPV, na karewa daga nau'i huɗu na ƙwayar: 16 da 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansa, da 6 da 11 masu kawo tsiro a al'aura.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To shi angon fa?

Likitan mata: Shi ma zai iya yi, tana kare maza daga tsiron da wasu kansoshi na dubura da mazakuta. Sai dai ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga jiki, kuma ba duk nau'o'i take rufewa ba. Saboda haka in kin cika 30 ki je gwajin bakin mahaifa ko da kin yi allurar. Jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada kuwa ba a jira da shi, ki ga likita a makon.