Ɗana zai shiga SS1 amma Turancinsa na waya ne: in kai shi makarantar maza zalla?

Baban Abba, Jega:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Yarona ya gama JSS3, shekarunsa 14, yana makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo, maza da mata a haɗe. A baki yana zuba Turanci, amma a littafinsa na insha'i sai ka ga "u", "bcos", "pls", har da "abi" da "sha" a wasiƙar da aka ce ya rubuta wa shugaban makaranta. In ka ba shi shafi guda zai karanta har ƙarshe, amma ba zai iya gaya maka abin da aka ce ba. Yayana ya ce in mayar da shi makarantar kwana ta maza zalla, can ba waya ba 'yan mata, zai natsu. Ƙarfina bai wuce dubu 150 a zango ba, komai da komai. Sauya makarantar zai gyara wannan? Kuma wane karatu zan ɗora shi a kai a gida, saura mako shida a koma?

Alhaji Sani Mai Taki:
Wa alaikumus salam. Kai shi Kaduna ko Abuja kawai, can ne ake Turanci. Ka tanadi kamar dubu 600 a zango.

Malam Umaru, Birnin Kebbi:
Alhaji, mutumin ya faɗi ƙarfinsa. Baban Abba, bari in fara da inda makin yake, don ka san abin da "u" da "bcos" ke ci maka. Takarda ta biyu ta Turancin WAEC maki 100 ce: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. A cikin 50 na insha'i, 10 na abin da ya faɗa ne, 10 na tsari, 20 na iya zaɓen kalma da gina jimla, 10 na tsabtar rubutu. A wannan goman ta ƙarshe kowane kuskure rabin maki ne. Kuskure 20 ya cinye ta tas, kuma yaron da ya saba rubutun waya yakan yi 20 ɗin kafin ya gama sakin layi na biyu: ba babban baƙi a farkon jimla, ba aya, "i" ƙarami a madadin "I", "am fine" ba tare da "I" ba. Kalmomin sara kuma a cikin maki 20 na zaɓen kalma ɗin can suke cizo, musamman in ya zaɓi wasiƙar hukuma ko muƙala.

Na mako shida, ga abin da za a yi, minti 40 kullum bayan La'asar. A samo sharhin jarida na Turanci, irin na Daily Trust, ko nassin tsofaffin tambayoyin WAEC, wanda bai wuce shafi ɗaya ba. Ya karanta da ƙarfi sau ɗaya kana ji, sannan a zuci sau ɗaya. Ya ja layi ƙarƙashin kalma biyar kacal da bai sani ba. Kada ya taɓa ƙamus tukuna, ya fara rubuta abin da yake zaton ma'anarsu daga jimlar da suke ciki, sannan ya duba. Bayan haka ya kawo kalmar da za ta iya zama a gurbin kowacce, kuma siffarta ta zo daidai: in "decided" ce, "resolved" zai sa, ba "resolve" ba. A nan yara da yawa ke zubar da maki alhali sun san ma'anar. A ƙarshe ka karɓe takardar, ya rubuta jimla uku cikakku kan abin da marubucin ke nufi, da kalmominsa. In ya kwafo jimlar nassin ɗungurungum, a jarrabawa ba za ta ba shi komai ba.

In a shafi ɗaya kalmomin da bai sani ba sun haura goma, nassin ya fi ƙarfinsa, a sauko zuwa littafin JSS2. Ba abin kunya ba ne.

Hajiya Kulu, Yauri:
Ni dai ina roƙonka da Allah, Baban Abba, kada ka kai yaron nan kwana don Turanci. Ɗan ƙanwata aka kai wata ta maza zalla da wannan dalilin, ba zan faɗi sunanta ba. Yaron da ke kawo na uku a ajinsu. Zangon farko aka raba shi wa wani siniya, shi ne wanki, shi ne ɗibar ruwa tun kafin Asuba, bokiti biyu daga famfon da ke bayan kicin. Garin kwaki da sukari da madarar da aka haɗa masa na wata uku, mako biyu suka yi. Firef, wato karatun dare, da ake ta yabo, janareto ba mai, yara na zaune cikin duhu, mai tocila shi ne sarki. Malamin Turanci ɗaya ne daga SS1 har SS3, sai ɗan bautar ƙasa da ya tafi a tsakiyar zango na biyu. Littafin insha'insa na shekara guda, rubutu biyu ne a ciki, ɗaya ma ba a duba ba. Wayar da aka ce babu, tana nan a cikin katifa, ana haya da dare. Ya dawo da ƙazuwa a hannu da buroka a baki, "I dey come", "wetin", da wasu kalmomin ɗakin kwana da ko uwarsa ba ta gane su. Ƙarshenta F9 ya ɗauko a Turanci, sai da ya sake zama a NECO. Uwar har yau in aka tayar da zancen sai ta yi hawaye.

Maman Ihsan:
Innalillahi. Hajiya wannan ƙazuwar ma kaɗai ta isa. Duk mai yaro a kwana ya haɗa masa da man benzyl benzoate da sabulun wanka nasa shi kaɗai, kuma a shanya katifa a rana duk hutu.

Abu Bakatsine:
Ku Kabawa me kuke nema da dogon Turanci? In yaro ya iya rubuta "fish" bai ce "pish" ba ai ya gama digiri, a ba shi homa ya nufi kamun kifi a kogin Matan Fada.

Ɗan Kabi, Argungu:
Bakatsine, bari manya su gama magana sannan a zuba maka romon. Hajiya, wanga labari ya yi zafi, amma makaranta guda ba ita ce duka ba. Mutane nawa makarantun Kanta ta Argungu da Nagari ta Birnin Kebbi suka yaye da ke riƙe da manyan ofisoshi yau? Ni abin da zan ce, kada a yi wa makaranta hukunci daga allon bakin ƙofa, ko na yabo ko na suka. Baban Abba ka je da ƙafarka ranar karatu, ba ranar ziyara ba. Ka tambayi malaman Turanci nawa ne na dindindin, kuma darasi nawa SS1 ke samu a mako. Ka roƙi littafin insha'in ɗan SS2 guda biyu, ka ƙirga rubutun da aka bi da jan biro; in bai kai huɗu a zango ba, ba a koyar da rubutu a wurin. Ka leƙa aji ka ƙirga kawuna. Ka tsaya har bayan Isha'i ka gani ko fitilar firef na kamawa, sola ce ko janareto. Ka tambaya ko malamin ɗakin kwana a cikin makaranta yake kwana ko cikin gari. Ka ga rijiyar burtsatse da idonka, ka ga katanga ta zagaye ko rabi ce.

Injiniya Bello:
Maganar maza zalla ɗin ita kanta an yi bincike a kai. A 2014 an buga wani babban nazari a Amurka da ya tattara bincike 184 daga ƙasashe 21. Da suka ware waɗanda aka yi da kyau, inda aka yi la'akari da halin gidan yaro da ƙoƙarinsa tun kafin ya shiga, bambancin sakamako tsakanin makarantar jinsi ɗaya da ta haɗe ya zama ɗan kaɗan ƙwarai. Wanda zai raba don tarbiyya da addini yana da hujjarsa, wannan daban. Amma raba ɗin ba ya koyar da Turanci. Sannan sara ba duka ne laifi ba, ƙamus ɗin Oxford ya shigar da "okada" da "Kannywood" a 2020, daga baya ma "japa" ta shiga.

Malam Nasiru Gwandu:
Injiniya, binciken Turawa ba zai gaya mana halin ɗan shekara 14 a Jega ba. Wanda ya tsaya gaban aji shi ya san cewa akwai yaron da ba zai taɓa ɗaga hannu ya karanta da ƙarfi ba muddin akwai mata a ajin, tsoron a yi masa dariya in ya ce "feoful". A ajin maza zalla wannan kunyar tana raguwa, kuma karatu da ƙarfi shi ne rabin gyara. A bar masu alli su yi magana.

Injiniya Bello:
Malam, masu allin ai ba bakinsu ɗaya ba, ga Malam Umaru bai ce a sauya makaranta ba.

Malam Umaru, Birnin Kebbi:
Ban ce a sauya ba, ban ce kada a sauya ba. Malam Nasiru ya yi gaskiya kan kunya, amma a ɗakin kwanan maza kuma wanda ya yi Turanci mai kyau shi ake yi wa ihu, shi ya sa buroka ke yaɗuwa a can. Injiniya kuma, shigar kalma ƙamus ba ta sa ta dace da wasiƙar neman aiki. Ba a ce yaro ya daina sara da abokansa ba, so ake ya san inda ake ajiye ta. Hanyar ita ce littafi mai layi a tsakiya. Hagu ya kwafo saƙonni biyar daga cikin wayarsa yadda ya rubuta su, dama ya mayar da su cikakken Turanci. "Pls borrow me ur book" ta koma "Please lend me your book." "Off d light" ta koma "Switch off the light." Sau uku a mako. A ƙara da shifta sau biyu a mako, layi takwas, kai ka karanta shi ya rubuta, don kunne ne ke kama "s" ɗin "he goes" da yaranmu ke yarwa. Ranar Asabar insha'i guda, kalma 450 cikin minti 50, da biro a takarda. Kada a bari ya buga a waya, tana gyara masa kuskuren kafin ya gan shi.

Maman Ihsan:
Wa zai duba insha'in in uban ba malami ba ne? Mai lesin a Birnin Kebbi dubu 10 ne a wata, sau uku a mako.

Hajiya Kulu, Yauri:
Dubu 10 a ina? Dubu 25 ake karɓa, kuma sai ka biya kuɗin mashin.

Alhaji Sani Mai Taki:
Mu dubu 5 muke ba ɗalibin kwalejin ilimi, yana yi lafiya lau. Kuma ta kwana mai zaman kanta ba za ka samu ƙasa da dubu 300 ba yanzu, abinci ya yi tsada.

Ɗan Kabi, Argungu:
Akwai ta dubu 180, akwai ta gwamnati da ba a biyan kuɗin makaranta. Sai dai a lissafa da katifa, bokiti, yunifom kala biyu, kayan gida, gidan sauro, kayan shayi da kuɗin mota ranar ziyara. Zangon farko shi ke karya mutum.

Baban Abba, Jega:
Na gode ƙwarai. Malam Umaru, ƙamus wane iri zan saya, kuma in karɓe wayar gaba ɗaya ne?

Hajiya Kulu, Yauri:
Kafin ƙamus, a yi maganar tsaro. Mu nan ba mu manta Yunin 2021 ba, da aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka aka kwashi yara. Na Ƙanƙara a Disambar 2020 makarantar maza ce zalla. Duk wadda take bakin daji, ko kyauta ce, a yi tunani.

Malam Nasiru Gwandu:
Allah ya tsare. Amma ni abin da ke ci mini rai, tushen matsalar a firamare yake. Yaro bai iya karanta Hausa ba, bai iya karanta Turanci ba, an turo mana shi JSS1, sannan a kafa dokar tarar naira 50 ga duk wanda ya yi Hausa a aji. Sakamakon shi ne aji ya yi tsit, ko su koma buroka don a ce Turanci suke yi. Wanda ya iya karanta Hausa da kyau, ya san aya da waƙafi da sakin layi, cikin zango biyu yake kama karatun Turanci.

Injiniya Bello:
To ai gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan a Nuwambar 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci tun daga farko.

Maman Ihsan:
An soke abin da ba a fara ba. A wace firamare aka kai littattafan lissafi da kimiyya na Hausa? Kuma tarar nan ta yin Hausa, wa ke riƙe kuɗin? Monita ke karɓa, ba rasit, ba a taɓa ganin an sayi ko alli da su ba. A taron iyaye da malamai in ka tayar da zancen sai a ce lokaci ya ƙure.

Malam Nasiru Gwandu:
A wasu wuraren ma ba tara ba ce, bulala ce. Akwai wanda ya san ko hukumar ilimi ta jiha tana da wata doka a rubuce kan wannan, ko kowane shugaban makaranta ne ke yanka tasa?