Ina so in saka hotunan masuntan Lagdo a intanet, amma hakkin mutane na damuna

Tela daga Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a harkar hoto. Ɗinki ne sana'ata, amma ɗaukar hoto ya shiga raina, kuma da waya nake ɗauka. Yawancin hotunana na bakin tafkin Lagdo ne: masunta cikin kwalekwale da asuba, mata masu bandar kifi, yara suna taya iyayensu gyaran koma. Akwai kuma na kasuwar Pitoa ta ranar Lahadi. Wani abokina ya ce in saka su a Wikimedia Commons, rumbun hotunan kyauta na intanet da Wikipedia ke amfani da shi, in shiga gasar Wiki Loves Africa, don duniya ta ga yankinmu ta idon 'ya'yansa. Ina so ƙwarai. To amma fuskokin matan nan sun fito sarai, wasu na nemi izininsu, wasu daga nesa na ɗauka. Sannan an ce kowane hoto sai an rubuta bayani a ƙasansa, ni kuwa Faransancina na ciniki ne kawai. Kuma idan na saka, wani ba zai kwashe ya je ya sayar ba?

Mai shagon hoto, Marwa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mutane ba sa fahimta sai aikin gama ya gama. E, zai iya sayarwa, kuma ba sata ya yi ba. Hoto naka ne tun lokacin da ka danna, dokar hakkin mallaka ta Kamaru ta shekarar 2000 tana kare ka ko ba ka yi rajista ba. Amma Commons ba ta karɓar hoto sai ka sake shi a ƙarƙashin lasisin kyauta, wanda aka fi amfani da shi shi ne CC BY-SA. Ma'anarsa kowa na iya buga hotonka a jarida ko littafi ko kalanda, har ya ci riba, muddin ya ambaci sunanka, kuma in ya canza wani abu a jikinsa ya sake nasa da irin wannan lasisin. Kuma ba a janyewa. Ko ka nemi a goge daga baya, wanda ya riga ya sauke yana da hakkin ci gaba da amfani da shi. Don haka ka raba hotunanka gida biyu. Waɗanda kake fatan wata rana su kawo maka kuɗi, ka riƙe su. Sauran ka bayar da zuciya ɗaya. Kada kuma ka rubuta sunanka a jikin hoton, ba a son haka a can, sunan yana fitowa a shafin hoton.

Hajiya mai kifi, Kusseri: Ɗana, ni ban san lasisi ba, amma na san matan da kake magana. Da irinsu nake ciniki. Yawancinsu matan aure ne, suna cikin hayaƙi da zufa, zani ɗaure a ƙirji, ba su shirya wa idon baƙo ba. Ka tuna hoto yana tafiya. Wata rana mijin ɗaya ko surukarta za su gan ta a wayar wani a tasha, kai kana Garwa kan kekenka, ita ce za ta sha tambaya. Ko waɗanda ka ce ka nemi izininsu, me ka faɗa musu? "In ɗauke ki hoto?" daban yake da "zan sa ki inda duk duniya za ta gani, kuma ba zan iya cirewa ba". Ka koma Lagdo, ka wanke hotunan, ka ba kowace nata a hannu, ka yi mata bayani da Fulatanci ko Hausa, duk wanda ta fi ji. Wadda ta ce sai ta tambayi maigida, ka jira. Wadda ta ce a'a, shi ke nan. Na yara kuwa, iyayensu za ka tambaya.

Ɗalibi, Injamena: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma in aka bi wannan ba wanda zai ɗauki hoton kasuwa. Ta yaya zai tambayi duk mutanen Pitoa? Kuma da ka tambayi mutum sai ya miƙe ya ƙame, hoton ya mutu. Yaya, ni abin da zan ce maka shi ne kada ka saka hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook, suna matse shi, ingancinsa ya ragu, bayanan da ke cikinsa su goge. Ka ɗora na asali daga wayar. In dole ka tura wa wani mai rezo mai ƙarfi ya ɗora, ka tura a matsayin fayil.

Hajiya mai kifi, Kusseri: Yaro, ban ce ya bi 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Taron jama'a daban, fuskar mace ɗaya da ta cika hoto daban.

Mai shagon hoto, Marwa: Hajiya ta yi gaskiya, kuma maganar ƙamewa tana da magani. Ka nemi izini tun farko, sannan ka zauna. Ka sayi kifi, ka yi hira, ka sa wayar a aljihu. Aiki ba ya jiran mai hoto, wuta za ta nemi itace, kifi zai nemi juyi, za su manta da kai. A lokacin ake samun hoton kirki. Waɗanda ka riga ka ɗauka daga nesa, ka duba cikinsu, za ka sami na hannaye kan ragar bandar kifi, na hayaƙi, na wadda ta ba da baya. Sau da yawa sun fi na fuska ƙarfi. Sai jan kunne guda: kada ka ɗaga waya wajen bangon madatsar Lagdo, ko gadar Binuwai, ko shingen jandarma da soja, sai da izinin hukuma. A Arewa Mai Nisa ma abin ya fi tsanani saboda halin tsaro. Ka kuma kashe alamar wuri a kamara in kana ɗauka a cikin gidan mutane.

Malamin lekol, Ngaundere: Malam tela, bayanin hoton ka rubuta shi da Hausa. Commons tana karɓar bayani da harsuna da yawa a hoto ɗaya, wani zai zo ya ƙara Faransanci ko Turanci, kuma masu rubuta Wikipedia ta Hausa suna neman hotuna irin naka. Ba insha'i ake nema ba. Ina ne, yaushe ne, me ake yi. Na sha ganin hoto mai kyau an rubuta masa "mace a Afirka", raina ya ɓaci, don wanda ya rubuta haka bai san komai game da ita ba. Kai ka sani. Ka san karfasa ce a kan wutar ko tarwaɗa ko giwan ruwa. Ka san da wane itace ake banda, da kasuwar da za a kai kifin. Misali: "Bandar tarwaɗa a bakin tafkin Lagdo, jihar Arewa, Kamaru, da rani. Ana busar da kifin da hayaƙi don ya jure tafiya zuwa kasuwa." Ya isa. In kana so ka ƙara, ka ce tafkin ya samu ne daga madatsar da 'yan Sin suka gina a kan Binuwai, aka gama a 1982, kuma shi ya jawo masunta daga Arewa Mai Nisa da Najeriya da Cadi. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka rubuta, musamman ƙabilar mutum, kada ka ƙaddara daga kamanninsa. Sunanta kuma sai in ita ta so.

Game da gasar, an fara ta a 2014, kuma kowace shekara da jigonta. Na farko abinci ne, na 2017 mutane a bakin aiki. Ka duba jigon bana kafin ka shiga. In bai dace da hotunanka ba, ana ɗora hoto a Commons kowane lokaci, ba sai da gasa ba.

Tela daga Garwa: Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni. Zan wanke hotunan in kai musu ranar da ba na shago. Kafin nan zan fara da na kwalekwale da na turken shanu a Pitoa, waɗanda ba fuskar kowa a ciki. Malam, in na rubuta bayanin zan turo maka ka duba. Tambaya ɗaya ta rage: wadda ta yarda, sai ta sa hannu a takarda?

Mai shagon hoto, Marwa: In ta iya kuma ba ta tsorata ba, ya fi. Amma takarda tana firgita mutanen karkara. Ka ce mata za ka naɗi muryarta a waya tana cewa ta yarda, a gaban wata 'yar'uwarta, ka ajiye tare da hoton na asali.