Musayar waƙa: Rasha da Turai, wa ya fara tsokana?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a, yau ni zan buɗe fage, kullum ka kunna rediyo da asuba maganar kenan Rasha ta ce Turai ta ce, to ga nawa nan, duk mai amsa ya zo da baiti banda dogon turanci.

Da sunan Allah zan buɗe fage,
Rasha da Turai nake son tattaunawa.
Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991,
NATO ba ta tsaya ba, gabas take ta matsowa.
1999 Poland ta shiga da Hungary,
2004 ƙasashen Baltik uku suka yi shigewa.
Taron Bukarest a 2008 aka ɗau alkawari,
wai Yukren da Jojiya su ma suna nan zuwa.
Wa zai ga bindiga a bakin ƙofarsa,
ya ja mayafi ya kwanta ba damuwa?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Malam, wlh ban yi niyyar sa baki ba amma abin nan ya taɓa gidanmu, ɗan yayata yana karatun likita a garin Sumi na Yukren lokacin da aka fara yaƙin, kwana da kwanaki suna ɓoye a ƙarƙashin ƙasa ga ruwa ya yanke sai dusar ƙanƙara suke ɗebowa a waje su narka su sha, uwarsa ko abinci ba ta iya ci har Allah ya sa aka fito da su a watan Maris.

Malam na ji baitinka, ban gamsu ba,
ka faɗi rabi, rabin ba ka faɗa ba.
Poland ba a ja ta da igiya ba,
tsoron Mosko ya kai ta, ba kwaɗayi ba.
1994 a Budafes aka sa hannu,
Yukren ta miƙa nukiliya, ba ta riƙe ba.
Rasha ta ce iyakarki zan girmama,
shekara 20 alkawarin bai wuce ba.
2014 ta ɗauke Kirimiya,
ta rura wutar Donbas, ba ta ƙyale ba.
24 ga Fabrairun 2022 tankoki suka nufi Kiyef,
ba NATO ce ta fara harbi ba.

Ɗan Damagaram: Hajiya Allah ya ƙara tsarewa, kan Yukren gsky kika faɗa, amma mu nan Nijar in aka ce mana Turai ce mai kare dokar duniya sai ranmu ya ɓaci.

Hajiya kin yi magana ta gaskiya,
amma a tuna mana da Libiya.
2011 jiragen NATO suka yi ta luguden wuta,
Gaddafi ya faɗi, makamai suka kama hanya.
Suka keta hamada suka sauka a Mali,
har yau Sahel na neman zaman lafiya.
Sojan Faransa sun bar Yamai ƙarshen 2023,
Afrilun 2024 na Rasha suka iso da kaya.
Tuta ta canza a hannun matasa,
amma Tillaberi na ta binne 'ya'ya.

Baba na Zariya: 'Ya'yana Allah ya yi muku albarka. Ni abin da ya fi ɗaga min hankali an daina magana da juna ne, mu da muka taso lokacin yaƙin cacar baka mun ga gaba iya gaba amma duk da haka ana zama a sa hannu kan rage makamai, yanzu kuwa ofisoshin jakadanci ma an kwashe da yawa daga mutanen ciki to wa zai kai saƙo in abu ya rikice cikin dare?

2018 aka sa wa Skripal, tsohon ɗan leƙen asirin Rasha, guba a Ingila,
aka shiga korar jami'an jakadanci, kowa ya kwashi nasa.
2022 Turai ta sake korar ɗaruruwa,
Mosko ta rama, kowa ya koma ƙasarsa.
Kafin yaƙin gas ɗin Rasha ke ɗumama gidajen Jamus,
kusan kashi 40 na gas ɗin Turai can ne tushensa.
Satumban 2022 bututun Nord Stream ya fashe a teku,
ciniki ya mutu, zumunci ya bi bayansa.
Finland ta shekara da shekaru ba ta ɗau ɓangare ba,
2023 ta shiga NATO, Putin ya ga abin gudu a gabansa.
Kilomita 1,340 ce iyakar da ke tsakaninsu,
an rufe ƙofofi, kowa na gyara makaminsa.
Kuɗin Rasha wajen Yuro biliyan 200 an riƙe a Turai,
akasari a Beljiyam, ana ta gardama a kansa.

Ɗan Fagge: Baba Allah ya ja da ranka, na ji kuma na ɗauka. Hajiya ina taya ku jajen abin da yaronku ya gani, amma har yanzu ina nan kan bakana, mutanen nan ba haka kawai suke zargin yamma ba.

Napoleon ta yamma ya shigo a 1812,
Hitler a 1941 ta nan ya yi ɓullowa.
Rai miliyan 27 Sobiyet ta rasa,
wa zai ce tsoronsu abin rainawa?

Maman Ilham: Na gode Malam, Allah ya bar zumunci.

Cikin miliyan 27 ɗin nan Malam,
miliyoyi 'yan Yukren ne, ba ka ƙirga ba.
Jikokinsu aka binne a Buca da Mariyufol,
tsoron Mosko bai halatta jininsu ba.
In Rasha na da haƙƙin jin tsoro,
Estoniya ma ba a hana ta nata ba.

kuma ina jiran amsarka kan takardar Budafes don na lura har yanzu ba ka taɓo ta ba.