Neman shawara: aji ya yi min yawa, makin insha'i na neman kwantar da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan Jos, ni kaɗai ke ɗaukar JSS1 har JSS3, kowane aji yara sun haura 80, bencin mutum uku su biyar ake cusawa wasu ma a bakin taga suke rubutu. Darasi minti 40 ne, kafin in samu su yi shiru kusan rabi ya tafi. Ga shi wasu Hausa ce harshen gidansu, wasu kuma 'ya'yan Birom da Afizere da Angas ne, suna jin Hausa sarai amma wajen rubuta ƙ da ɗ ko bambance "ya zo" da "ta zo" nan ake yin ta, in na tsaya bin su a hankali sai waɗancan su ɓalle da surutu. Abin da ya fi cina makin insha'i, a Bagco nake kwaso littattafai gida in kai tsakar dare ina jan biro, muryata ta dishe, ciwon kai kullum, 'ya'yana ma sun fara gudun tsawata. Ga BECE, jarrabawar kammala JSS3, na tafe. Dan Allah ya kuke yi?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malama ki fara zuwa a auna miki jini tukuna, ciwon kai na kullum ba abin wasa ba ne wlh. Ki daina ɗaga murya a kan surutu, ki tsaya cak ki ɗaga hannu har su yi shiru da kansu, kuma ruwan ɗumi kar ya bar teburinki, kin san sanyin Jos da ƙurar alli.

Tsohon malami, Bukuru:
'Yata, ba dole ba ne kowane insha'i ya bi ta hannunki kowane mako. Raba ajin layi huɗu, duk su rubuta amma layi ɗaya za ki karɓa, kar ki faɗa musu wanne sai sun gama, a wata guda kin zagaya kowa. Kuma ki duba abu ɗaya tak, wannan makon raba kalmomi, mako mai zuwa haruffa masu ƙugiya. Shifta da auna fahimta kuwa su yi musayar littafi su maka wa juna, amsa tana allo. Bambancin nan da kike kuka da shi ki sa shi aiki, ki haɗa su rukuni-rukuni, ko wanne da mai Hausar gida a ciki. Sai dai ki sa ido, ba duk Bahaushe ne ya iya rubutun ba, sau da yawa su suka fi haɗe kalmomi.

Abu Sadiq:
Ai tsarin ilimi na ƙasa malami 1 ga ɗalibai 40 ya ce a sakandare, aikin mutum biyu kike yi. Ki rubuta wa firinsifal a takarda, ki ba wakilin ƙungiyar malamai ta NUT kwafi, a kai maganar taron iyaye da malamai (PTA). Ki roƙa in ɗaliban makarantar horar da malamai ta Pankshin masu zuwa gwajin koyarwa (TP) sun zo a ba ki mai Hausa ko da ɗaya ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zan fara na layin nan da JSS2 ranar Litinin in sha Allahu. Amma 'yan JSS3 fa, su ma layi ɗaya ko in daure in duba nasu duka tunda jarrabawa ta matso?