Fanel ɗin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki): in canza duka ko kafasita kawai?

Abu Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa. Mukayyif ɗina sifilit ne mai inbata, shekararsa 5, muna Shari'a Mansur a Makka. Yanzu sai ya tashi, minti goma ya ɗauke. Mai gyara ya buɗe injin da ke waje, ya nuna min kafasita (ƴan ma'ajiyar caji) biyu a fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, sun kumbura, ɗaya har ta yi yoyo. Ya ce sabon fanel riyal 600, ko ya canza su biyun a 120 amma ba garanti. Ga jinjiri a ɗaki. Wanne zan yi?

Baban Yusra: 120? Riyal 35 na sayi tawa a Jidda, ni na ɗaura da hannuna.

Mai Dalma: Baban Yusra, taka gwangwanin kwamfireso ce ta mukayyif ɗin taga, ba ita yake nufi ba. Ta fanel fallen alminiyom ne da takarda a nannaɗe, an jiƙa su da ruwan sinadari. Zafi ke busar da ruwan, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta kusan biyu. To ka tuna injin yana saman rufi, a garin da zafi ke wuce digiri 45. Kumburin iska ce ta taru ciki, shi ya sa ake tsaga kanta don ta huce ta nan. Malam Abu, a sa mitar ESR, ta gwada lafiyar kafasita, a auna sauran, wata ta mutu ba ta kumbura ba. A duba fanka da ƙura kuma. Kada ka taɓa da kanka, manyan suna riƙe sama da bolt 300 bayan an cire wuta.

Ummu Fahad: Ɗan'uwa, kada ka yarda da faci. Bara cikin azumi sau uku wani ya canza min. Na farko sati biyu ta yi, ashe mai jure zafin digiri 85 ya sa a gurbin mai jure 105. Na ukun ya juya mata ƙafa, ana kunnawa ta fashe kamar bindiga, hayaƙi ya turnuƙe, fanel ya ƙone. Surukata mai hawan jini kwana huɗu tana kwana a falon maƙwabta. Da na kira shi, wai wutar gidana ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Misfala: Allah ya saka miki, Hajiya. Ni fanel 350 aka sa min.

Mai Dalma: Na Haraj ne wannan, kasuwar gwanjo, kafasitocinsa sun tsufa su ma. Hajiya, laifin mai aikin ne. Da kafasitar kamfanin Nichicon ko Rubycon mai 105 ya sa daidai, da kin manta da maganar.

Ummu Fahad: Ku masu gyara dama bakinku ɗaya. Wanda ya kwana cikin zafin shi za a saurara.

Baban Yusra: Abu, ka kai jinjirin Harami kafin su gama, can sanyi kyauta ne 😂

Ɗan Misfala: Amma maganar wutar gida ba ƙarya ba ce. Gininmu har yanzu wani soket bolt 127 ne, wani 220, ba alama. Injin wankinmu haka ya tafi. Mai gida ya ce sai mun sabunta haya zai kira mai wayarin.

Ummu Fahad: Naku ma yana ɗaga waya kenan. Namu tun Shawwal muke nemansa kan tankin ruwa.

Abu Khadija: Jama'a, mai gyaran zai dawo bayan La'asar.